Haƙori Biyu a Akwatina

Asabar, 6 ga Mayu, 2023

Waisale ya sayo mini waya. Ya ce Mama, ki daina rubutu a bayan kalandar coci, ga wurin rubutu nan a ciki. To ga ni ina dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza ta samu rogo.

Ba don waya kaɗai ya zo ba, ai na san ɗana. Kamfanin nan masu kwasar tsakuwa a kogi sun ɗauke shi na gwaji. Za su tabbatar masa da aikin in ya samo musu tsakuwar kogin Nasaubale, garinmu inda aka haife ni. Sau biyu suna zuwa. Yaya Nemani, shi ne babban gidanmu tun rasuwar Baba, ya karɓe su, ya ciyar da su, ya ce a'a, ya raka su mota.

Waisale ya ce, Mama, ni fa vasu ne a can. Na ce to wa ya ce ba kai ba ne?

Vasu, ɗan 'yar'uwa ke nan a garin kawunsa. Abin da ya ɗora hannu a kai nasa ne, ba mai hanawa. Yana shekara shida ya rungumo zakaran Yaya ya fito da shi, zakaran ya kusa kai shi tsawo. Yana sha biyu ya ɗauko rediyonsa ana tsakiyar jin ƙwallo. Gari duk aka yi ta dariya, Yaya ya fi kowa.

Kitione, maigidana, yana gyaran koma a bakin ƙofa. Bai ɗago ba ya ce, Sala, ki bar shi ya nemi aiki da takardunsa. Na ce shekara uku yana kwance a gidan nan da takardun, me suka dafa maka? Ya yi shiru. Na ji daɗin shirun, Allah ya yafe mini.

Talata, 9 ga Mayu

Na buɗe akwati. Tabua biyu ne a ciki, haƙoran babban kifin teku. Ɗaya na dangin Kitione, ɗaya kuma wanda Baba ya ba ni ranar da na fara kai Waisale Nasaubale a goye, ya yi ja saboda tsufa. Na ɗauko na dangin Kitione na goge shi da man kwakwa. Wanda ya miƙa hannu ya karɓi tabua ya karɓi roƙon da ke bayansa. Na sani sarai. Shi ya sa na ɗauko.

Asabar, 13 ga Mayu

An yi.

Mun je da safe. Maza a gaba, mu mata can bakin ƙofa. Waisale ya durƙusa da haƙorin a hannu, ya yi magana tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba. Sai da na ji ƙirjina ya cika. Ya roƙi tsakuwar kogi daga gada zuwa itacen nan babba na bakin gonar Inna.

Yaya ya daɗe bai miƙa hannu ba. Ya daɗe ƙwarai, har wani tsoho ya yi tari. Sannan ya karɓa, ya kai shi hanci, ya ce, vasu ya roƙa, me zan ce. Aka tafa. Da aka kawo takardar kamfani shi ya fara sa hannu, sauran maza suka bi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya karanta.

Inna ta tashi ta fita tun ba a gama ba. Na ce a raina gwiwa ce ke damunta.

A madafa Unaisi matar Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, Maman vasu, yau kogi kuka zo ɗauka? Da kin faɗa da wuri da na aro muku bokiti. Na ce ke dai zuba mini miya, baƙuwar gidanmu. Muka yi dariya. Ni dai da gaske na yi tawa.

Ni da Yaya ba ma haɗa ido, ba ma magana sai ta bakin wani, haka ake tsakanin mace da ɗan'uwanta tun da muka girma. Amma duk zuwana sai ya ɗaga murya ya ce, Unaisi, gaya mata ta ci abinci kafin motar yamma. Yau ma ya faɗa. Ƙasa-ƙasa dai.

Litinin, 5 ga Yuni

Katafila ta shiga ruwa yau. Waisale ya biyo ta nan da motar kamfani, da hula mai ƙarfi a ka. Na sa ya ƙara danna ham don matan layinmu su leƙo. Sun leƙo.

Lahadi, 16 ga Yuli

Bayan coci na shiga mota na je gida.

Tun daga gada na ga ruwan. Ruwan da muke ganin yatsun ƙafarmu a ciki har ƙirji. Yanzu kamar an dama ƙasa. Sun haƙa ramuka, sun tara tsakuwa tsibi-tsibi sun fi rufin coci tsawo. Dutsen da muke wanki a kai babu shi. Na tsaya ina nemansa kamar wadda ta ajiye abu ta manta wuri.

Unaisi ta kawo mini shayi ta ce, sha, ba madara muka sa ba, ruwan ɗanki ne. Na ce bakinki dai ba ya hutun Lahadi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce sai sun bar ruwa ya kwana a bokiti ya kwanta kafin su dafa. Yara duk ƙuraje a ƙafa. Mata suna wuni da ƙaramar koma a ruwa, jatan landen da suke samu ba ya rufe gindin kwano.

Na ce ai in sun gama zai washe. Ta ce wa ya gaya miki? Na ce Waisale. Ta ce oho.

Yaya ya shigo, ya ga takalmina a ƙofa, ya zagaya ta baya. Har motar yamma ta zo ban ji an ce in ci abinci ba. Na dai ci, Unaisi ta zuba. Amma ba a ce ba.

Laraba, 9 ga Agusta

Tun da na yi aure, shekara talatin da ɗaya, duk wata sai Inna ta aiko mini ƙunshin ganye da direban mota. Jatan lande da madarar kwakwa, ita ke kamowa da hannunta. Yau ƙunshin ya zo. Ganye iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya. Na kwance. Kifin gwangwani ne ta dafa da ganyen gwaza.

Kitione ya leƙa, ya koma wurin komarsa. Da ma ya yi magana.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ban ci ba. Ban kuma iya ba wa kare ba.

Alhamis, 24 ga Agusta

Kelera ta zo, 'yar Yaya da ke karatu a Suva, babban birninmu. Ta zauna ta sha shayi kamar mutuniyar kirki, sannan ta fara.

Ta ce Gwaggo, kin san inda tsakuwarmu ke zuwa? Otal ake ginawa a bakin teku, da wurin wanka a ciki, don baƙi su yi iyo a ruwa mai kyau. Ta ce kogin nan na gidanmu ne tun kafin a san takarda, kuma ba na maza kaɗai ba. Mata ne ke cikinsa kullum, amma ko mace ɗaya ba a tambaya ba. Ta ce in aka rubuta wa ofishin ƙasa za su iya zuwa su duba, su tsayar.

Na ce to ku rubuta mana, ni me ya kawo ni ciki?

Ta ce babanta ya ƙi. Ya ce ba zai karɓi tabua da hannun dama ya kai ƙara da na hagu ba. Muddin vasu bai janye ba, bakinsa a ɗaure yake, haka na sauran maza.

Na ce yarinya, ke ba ki san wahalar ɗa namiji zaune a gida ba. Ta ce na sani Gwaggo, amma da a ce wani baƙo ne ya yi mana haka da mun san yadda za mu yi da shi. Kamfanin ma sun san haka, shi ya sa ba takardunsa suka duba ba, sunan garin uwarsa suka tambaya.

Na ce ta tashi kar mota ta wuce ta. Mota da sauran awa biyu.

Jumma'a, 25 ga Agusta

Sunan garin uwarsa. Ina ta wanke tukunya ɗaya.

Jumma'a, 15 ga Satumba

An yi ruwa kwana biyu, gaɓa ta zube. Rabin gonar gwazar Inna ta tafi, da itacen babba gaba ɗaya, saiwarsa a sama. Na je.

Na sami Inna zaune a tabarma tana ɗinke komarta, komar da ba ta shiga ruwa ba wata guda. Ta rame. Ba ciwo, in ji Unaisi, kawai ta daina fita. Matar da ko zazzaɓi take sai ta jiƙa ƙafa.

Na zauna. Na ce Inna, sannu da wannan abu. Ta ce yauwa. Na ce ai ruwan sama ne ya yi yawa bana. Ta ɗago ta dube ni, sai da na ji kamar ina shekara takwas na fasa kwano.

Ta ce, Salanieta, ruwa nawa itacen nan ya gani kafin a haife ki?

Na sunkuyar da kai ina kallon komar.

Ta ce, ni ma na haifi vasu. Nemani ya je garin kawunsa ya ɗauko alade, ya ɗauko kwale-kwale, har gatarin kakansa. Duk abin da ya ɗauko ya iya ɗagawa ko ya ja da igiya. Ba wanda ya taɓa gaya mana iyaka saboda ba wanda ya taɓa tunanin uwa za ta bar ɗanta ya roƙi ruwan da aka yi mata wankan jego da shi. Yaro bai sani ba. Ke kika goge masa haƙorin.

Na ce Inna, aiki yake nema. Ta ce na ji, miƙo mini zaren can.

Shi ke nan maganar. Ban yi kuka a gabanta ba, sai a mota, kusa da wani mutum mai buhun kabewa da ya yi ta ba ni haƙuri yana zaton mutuwa aka yi mini.

Saura Tobuloa kaɗai, wurin nan mai zurfi a sama da gari inda katafila ba ta kai ba. Nan mata duka suke taruwa yanzu, da wanki, da ɗiban ruwa, da kamu. Tafiyar rabin awa. Inna ba ta iya kaiwa.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Waisale ya zo da matarsa, cikinta ya fito sosai. Ya kawo sukari, ya kawo burodi, ya kawo wa ubansa sabon takalmi. Na san akwai magana.

Tsakuwar ƙasan gari ta ƙare. Suna son Tobuloa. In ya samo, aikin ya zama na dindindin, har da gida a gari. In bai samo ba, gwaji ya ƙare ƙarshen shekara.

Na ce ka ga kogin kuwa? Ya ce Mama kullum a can nake wuni. Na ce ka ga kakarka? Ya ce zan saya mata tankin ruwa, babba, na riga na yi magana. Na ce jatan lande na zama a tanki? Ya ce haba Mama, don ɗan abin miya za ki hana jikanki gida?

Sai ya ce yana son ɗaya haƙorin. Na Baba. Wai kamfani za su iya samo wani a Suva, amma wannan karon Kawu zai iya daurewa ya ƙi miƙa hannu. In kuwa ya ga haƙorin mahaifinsa ba zai iya ba.

Yadda ya faɗe shi, a sauƙaƙe, yana shafa wa burodi man shanu. Ni na koya masa wannan lissafin. A watan Mayu bai ma san ana goge haƙori da mai ba.

Na ce zan duba. Ya ce Asabar ta biyu a Nuwamba za su je. Ya sumbace ni a ka ya tafi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na fito da haƙorin, na mayar. Na sake fitowa da shi. Igiyar kwakwar da ke jikinsa Baba ne ya tufka, har yanzu akwai inda ya kuskure ya ƙulle.

Lahadi, 29 ga Oktoba

A coci ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina ta ganin Waisale kwance a tabarma da rana tsaka, fuska a bango, kamar shekarun nan uku. Ranar da ya ce mini Mama ni ba ni da amfani. Wannan ba wanda ya gani sai ni. Kelera ba ta gani ba, Unaisi ba ta gani ba. Suna da bakin magana.

Sai kuma in ga itacen nan, saiwa a sama.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na ce wa Kitione, kana da abin yi Laraba? Ya ce koma. Na ce komar nan tun Mayu kake gyaranta, ko kifi ya gaji da jiranka. Na ce ina son ka raka ni gida, mace ba ta miƙa tabua da bakinta, sai namiji ya yi mata magana.

Ya ajiye komar. Ya ce maganar wa zan yi, taki ko ta ɗanki? Na ce in mun shiga mota ka ji.

Ya tashi ya nemo farar rigarsa da kansa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin ya san inda take ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Mun je mun dawo. Ƙafata na ciwo.

Ba mutane da yawa, ba mu aika ba. Yaya, tsofaffi uku, Unaisi da Inna a bakin ƙofa tare da ni. Da Kitione ya kwance ƙyallen da na yi ƙunshi da shi, Yaya ya ga jan haƙorin Baba, sai na ga kafaɗarsa ta faɗi. Ya zaci Tobuloa muka zo roƙo. Unaisi ta ce a kunnena, in abin da nake zato ne, yau za ki koma gida a jiƙe.

Kitione ya durƙusa. Ya ce wannan na mai gidan nan ne, ya dawo gida. 'Yarku ta ce ta yi kuskure, ta aiko ɗa ya roƙi abin da ba a roƙo, tana neman gafara a wurin masu rai da waɗanda suka riga mu. Roƙonta ɗaya ne. A kafa sanda a Tobuloa a ɗaura mata ganyen kwakwa, a rufe ta ga ƙarfe da mota, ko wa ya zo, ko ɗan wa ne. Kuma abin da gidanta ya ɗaure muku baki da shi a watan Mayu, ta kwance.

Wannan karon ba wanda ya yi tari. Yaya ya miƙa hannu biyu tun Kitione bai rufe baki ba. Ya riƙe haƙorin a fuska ya daɗe. Da ya sauke, abin da ya iya cewa kawai, na karɓa.

Da rana suka hau da sanda. Inna ta ce sai ta je. Unaisi da ni muka riƙe ta hagu da dama, muna tafe muna hutawa. Da muka isa ta zauna a kan dutse ta sa ƙafa a ruwa. Unaisi ta ce mini, Maman vasu, ashe akwai ɗan hankali a dangin mijina. Na ce kaɗan ne, kar ki saba.

A hanyar dawowa mun bi ta ƙasa. Ramukan suna nan. Gonar ba ta dawo ba, itacen ma. Ba haƙorin da zai mayar da su, na duba da kyau.

Ina ɗaura takalmi a ƙofa sai na ji daga ciki, da ƙarfi har kaji suka watse: Unaisi! Gaya mata ta ci abinci kafin motar yamma.

Na ce wa Unaisi hayaƙin murhunta ya yi yawa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na kira Waisale na gaya masa da bakina kafin ya ji a waje. Ya ce Mama, ke kika hau da ni, ke kika cire tsanin. Na ce e, ni ce, duka biyun. Ya ce me zan gaya wa matata? Na ce ɗakinka na nan, gonar ubanka na nan. Ya kashe.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Kwana uku bai ɗauka ba. Da wayar da ya saya mini nake kiransa, har kunya nake ji.

Ban ce na yi daidai ba. Haƙorin dai na Baba ne, na mayar gida, shi ke nan. Gobe Kelera za ta kai takarda ofishin ƙasa, Yaya ya sa hannu, matan gari ma duka. Ta ce in zo. Na ce ni ba ruwana da ofis, amma da ma ina son sayen zare a Suva, in hanya ɗaya ce sai mu tafi tare. Na goge rigar coci. Don zaren.

Jiya direba ya kawo ƙunshin ganye. Ƙarami, tafin hannu ya rufe shi. Jatan lande bakwai, na ƙirga. Kitione ya ci biyu, na ci biyu. Ukun na rufe su da kwano na sa a inuwa, ko Waisale zai biyo ta nan.